Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Goguwa: Abin Da Na Gano A Redmond

Idan aka ce Washinton, hankalin yawancinmu kan tafi can inda shugaban Amurka yake zaune. To, akwai wata Washinton ɗin daban, jiha ce guda a ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar, ta yi iyaka da Kanada, kuma garinta mafi girma shi ne Seattle. Gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya: ta yamma reshen teku, ta gabas wani ƙaton tafki, daga sama kuma yayyafi wanda ba ya ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Mutanen garin ba su damu da lema ba, rigar ruwa mai hula kawai suke zurawa su kama gabansu. Ranar da gari ya washe sai ka hango dutsen Rainier ta kudu, fari fat da ƙanƙara, tsayinsa mita 4,392, har ka riƙa mamakin inda ya ɓuya a kwanakin baya.

Zumunci ne ya kai ni. Ɗan yayata yana zaune da iyalinsa a Redmond, a tsallaken tafkin, yana aikin rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani. Kafin ka isa sai ka hau gadar da suke kira 520, wadda a kan manyan akwatunan kankare take kwance bisa ruwa, tsawon fiye da kilomita 2, saboda tafkin ya yi zurfi kuma ƙasansa laka ce. Redmond kanta ba ta da wani abin kallo in ban da dogayen itatuwa da gine-ginen gilashi, amma a nan hedkwatar Microsoft take tun 1986. A masallacin Juma'a na garin za ka yi sahu da Indiyawa da Misirawa da 'yan Pakistan, kuma da yawansu in ka tambaye su sana'a, kwamfuta za su ambata.

Wani dare bayan isha'i yaron yana aiki a falo, sai na ji ya yi dariya shi kaɗai.

"Kawu, zo ka ga wani tsohon baƙo," in ji shi.

A cikin foldar aikinsa akwai wani fayil mai suna nul, haruffa uku kacal, ba kome a cikinsa. Ya ce in goge shi. Na danna, ya ƙi. Na gwada sake masa suna, ya ƙi. Na ja shi zuwa wata folda, ko motsi bai yi ba. Foldar da yake ciki ma ta ƙi goguwa saboda shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saƙon da ya fito a allo, wanda ya ambaci MS-DOS. Kwamfuta ce sabuwa dal, amma tana kawo mini ƙarar wani tsarin da ya girmi mai ita.

Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, ya buga layi ɗaya, fayil ya ɓace. Na ce ai ba za ta saɓu ba, sai ya gaya mini tushen wannan taurin kai. Ya ce tushen ba shi da nisa, in ina so gobe ma sai mu je.

Kafin mu tafi, ga abin da ya kamata mai karatu ya sani. Akwai wasu sunaye da Windows ta keɓe wa kanta: CON, PRN, AUX, NUL, sai COM1 zuwa COM9 da LPT1 zuwa LPT9. Manyan haruffa ko ƙanana duk ɗaya ne a wurinta. Shekara da shekaru, duk wanda ya gwada buɗe sabuwar folda ya sa mata suna con, ya san ba ta karɓa. Wannan ne ya haifar da wani saƙo da ya daɗe yana yawo, tun zamanin imel har ya gangaro WhatsApp, wai wani abin al'ajabi ne da ko injiniyoyin Microsoft sun kasa bayaninsa, wasu ma su ƙara da cewa laƙabin tsokana ne da aka yi wa Bill Gates yana yaro, shi ya sa ya haramta shi. Duk ƙanzon kurege ne. Bayanin a rubuce yake a takardun kamfanin, kowa na iya karantawa.

Washegari muka nufi Tukwila, kudu da Seattle, kusa da filin jirgi. Unguwa ce ta rumbunan ajiye kaya da manyan kantuna, kuma Somaliyawa sun yi yawa a wurin, da shagunansu na naman halal da gidajen abinci inda ake kawo maka shinkafa da ayaba a gefe. Ban ga wani allo ko gunki da ke nuna an taɓa yin wani abin tarihi a nan ba. Amma a wannan gari ne wani kamfani mai suna Seattle Computer Products yake a 1980, lokacin da wani matashin ma'aikacinsa, Tim Paterson, mai shekara 24, ya zauna ya rubuta tsarin sarrafa kwamfuta don na'urar da suke ƙerawa da ƙwaƙwalwar Intel 8086. Cikin 'yan watanni ya gama, aka kira shi QDOS, daga baya 86-DOS.

Paterson bai fara daga fili ba. A lokacin tsarin da ke tashe shi ne CP/M, wanda Gary Kildall ya rubuta a 1974. Shi ma Kildall haifaffen Seattle ne, a Jami'ar Washinton ya yi digirinsa na uku, kafin ya koma Kalifoniya ya kafa kamfanin Digital Research. Paterson ya tsara nasa ta yadda manhajojin da aka rubuta wa CP/M za su sauya sheƙa ba wahala. Kildall ya rasu a 1994 yana ganin an kwaikwayi aikinsa, Paterson kuma ya tsaya a kan cewa rubutunsa nasa ne, bai kwafi na kowa ba. Ko ma dai yaya ne, da kamfanin IBM ya zo neman tsarin da zai ɗora wa sabuwar kwamfutarsa, ciniki da Kildall bai ƙullu ba. Microsoft, wadda a lokacin take Bellevue, ta karɓi hayar aikin Paterson, sannan ta saye shi ɗungurungum a watan Yuli 1981 a kan dala 50,000. Shi ne ya zama MS-DOS. A watan da ya biyo baya IBM PC ta shiga kasuwa.

Daga CP/M ne aka gaji dabarar kiran na'urori da gajerun sunaye. Dabara ce mai kyau ƙwarai a zamaninta. Maimakon kowace manhaja ta koyi yadda ake magana da firinta, sai aka ce ta ɗauki firinta a matsayin fayil mai suna PRN, duk abin da ta rubuta a cikinsa ya fito a takarda. CON shi ne allo da madannai. AUX da COM su ne kafofin da ake jona wayar na'urori irin su modem. LPT kafar firinta ce. NUL kuwa na zubar da abin da ba a so ne, duk abin da aka tura masa ya tafi ke nan. Tsofaffin hannu suna tuna yadda ake rubuta COPY CON da sunan fayil, a buga wasiƙa kai tsaye ba tare da wata manhajar rubutu ba.

Tambayar da na yi wa ɗan yayata a mota ita ce: to me ya hana a killace sunayen a wuri guda, a bar sauran fili ga jama'a? Ya ce ai nan gizo ke saƙar. DOS ta farko ba ta da folda kwata-kwata, duk fayiloli a tsakar faifai ɗaya suke zube, saboda haka babu maganar a ina suna yake. Sai a 1983, da DOS 2.0 ta fito tare da kwamfutar IBM XT mai rumbun megabait 10, aka shigo da folda. A lokacin manhajoji sun riga sun yaɗu a kasuwa, kowace tana kiran PRN ba tare da faɗin wuri ba. Da an ce sunan zai yi aiki a folda ɗaya kawai, da duk sun daina buga takarda da zarar mutum ya shiga wata folda. Sai aka bar sunayen suna aiki ko'ina. An ma gwada mafita a wannan fitowar, wani zaɓi mai suna AVAILDEV wanda ke tilasta a sa \DEV\ a gaban sunan na'ura, amma bai kai ko'ina ba, daga baya aka cire shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙara wutsiya a bayan suna, irin su nul.txt, bai tserar da kowa ba. Manhajojin wancan zamani su ke liƙa wa suna wutsiya da kansu. Mai amfani zai ce ba ya son wani rahoto, ya rubuta NUL, manhaja ta mayar da shi NUL.LST. In ba a ɗauki wannan a matsayin na'urar zubarwa ba, sai faifai ya cika da tarkace. Raymond Chen, wani daɗaɗɗen injiniyan Microsoft da ya yi suna wajen warware irin waɗannan tsofaffin ƙulle-ƙulle, ya daɗe da yin wannan bayani.

Da yamma muka zagaya harabar Microsoft. Gari ce guda, da motocin safa nata, da filayen wasa, har da filin kurket, abin da zai nuna maka daga ina da yawa daga cikin sababbin ma'aikata suke zuwa. Gine-ginen farko da aka tare a cikinsu a 1986, inda aka rubuta Windows ɗin da ta mamaye duniya, an rushe su tun 2019 an gina sababbi. Na so in ga tsofaffin na'urorin da idona a gidan tarihin kwamfuta da marigayi Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa Microsoft, ya kafa a Seattle, inda ake barin baƙo ya zauna ya taɓa su, amma an rufe shi tun 2020, kuma a 2024 aka sanar ba za a sake buɗewa ba, aka yi gwanjon wasu kayan. Wannan ya ba ni haushi. Yankin da ya yi arziki da kwamfuta ya kasa riƙe wannan gida na tarihinta, alhali CON da NUL suna nan daram a cikin kowace kwamfutar da ke ofisoshinsa.

Yanzu ga abin da ya sa fayil ɗin ke iya samuwa amma ya ƙi goguwa. Windows ɗin da muke amfani da ita yau ba daga DOS ta fito ba, zuriyar Windows NT ce, wadda Dave Cutler ya jagoranci rubutawa, ta fito a 1993. Can cikin zuciyarta, da tsarin ajiyarta na NTFS, ba ruwansu da waɗannan sunaye, nul suna ne kamar kowane. Amma manhajojin yau da kullum ba sa magana da zuciyar kai tsaye, ta wani shimfiɗi ake bi mai suna Win32, kuma shi ne ya riƙe al'adar DOS. Kamar maigadi ne da aka ba wa takarda tun zamanin tsohon maigida, aka ce duk wanda ya zo neman wane a nuna masa ɗakin injin. Maigida ya sauya, wani mai irin sunan ya tare a cikin gida, amma maigadi yana nan yana tura masu sallama ɗakin injin. Kai kana cewa a goge fayil, shi yana jin ka ce a goge na'ura, sai ya ce ba zai yiwu ba, ko ya ce bai ga abin da kake nufi ba.

To ta ina fayil ɗin ke shiga? Ta duk hanyar da ba ta bi ta wannan shimfiɗi ba. Linux da Mac ba su san da wannan hani ba, saboda haka mutum zai iya sa wa fayil suna aux ko con a can, ya zuba a filas ko ya tura ta rumbun ofis, ya sauka a Windows. A cikin rubutun Linux kansa a baya an daɗe da fayil mai suna aux.c, abin da ya sha ba masu sauke shi a Windows ciwon kai. Na ɗan yayata kuwa kuskuren wani abokin aikinsa ne: ya rubuta umarni irin na Windows, a tura shara zuwa nul, amma aka gudanar da shi a Git Bash, wanda ke bin ƙa'idar Linux inda wurin zubarwa /dev/null ne. Git Bash kuma bai ga wata na'ura ba, sai ya ƙirƙiri fayil ya sa masa wannan suna. Yaron ya ce yanzu abin ya ƙaru, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke taya su rubutu su ma suna yin irin wannan ruɗewa.

Akwai kuma masu yi da gangan. Wani dattijo Ba'amurke da suke aiki tare, wanda ya yi shekaru yana kula da rumbunan kamfanoni, ya ba mu labari a wurin shan shayi. A farkon shekarun 2000 masu safarar fina-finai da manhajojin sata kan bi intanet suna laluben rumbun da aka bari a buɗe. In sun samu, sai su gina foldoji a cikin foldoji masu suna com1 da aux da lpt1, su jibge kayansu a can ƙasa. Mai rumbu zai wayi gari ya ga wuri ya cika, ya ga foldar da idonsa, amma ba ya iya buɗewa balle gogewa. Kafin nan ma, a Windows 95 da 98, duk abin da ya sa kwamfuta ta nemi C:\con\con yakan sa ta sume da shuɗin allo, har 'yan tsokana suka riƙa ɓoye shi a shafukan intanet. Sai a shekarar 2000 aka toshe wannan kafa.

Maganin bai kai girman cutar ba. Akwai alamomi huɗu da in ka sa su a gaban adireshin fayil, kana gaya wa Win32 ne kada ya fassara kome, ya miƙa sunan yadda yake. A buɗe cmd, wato baƙin allon nan na umarni, in ya yiwu da ikon mai kula da kwamfuta, a rubuta:

del "\\?\C:\aiki\nul"

In folda ce, da duk abin da ke cikinta:

rd /s /q "\\?\C:\aiki\con"

A maye gurbin C:\aiki da ainihin wurin da abin yake. Dole adireshin ya zama cikakke tun daga harafin rumbu, ba a taƙaitawa. Wasu kan sa ɗigo a madadin alamar tambaya, shi ma yana aiki. Wannan hanya ce kuma ke fitar da fayil ɗin da sunansa ya ƙare da ɗigo ko da sarari, da wanda adireshinsa ya zarce haruffa 260, waɗanda su ma sukan maƙale. Wanda yake da Git Bash zai iya shiga foldar ya rubuta rm nul kawai. Wanda kuma yake da Linux a filas, ya tayar da kwamfutar da ita ya goge ko ya sake suna, ba gardama.

Sai dai a kula. Umarnin rd da /s /q ba ya tambaya, kuma abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara. In ka manta ƙarshen adireshin ka tsaya a C:\aiki, aikinka duka ka share. Sannan ba kowane fayil mai taurin kai ne matsalarsa suna ba. Wani wata manhaja ce ke riƙe da shi a buɗe, wani kuma izini ne ba ka da shi. Waɗannan maganinsu daban, alamomin nan huɗu ba za su yi musu kome ba.

Ina jin bayanin nan sai na tuna shagunan buga takardu da wuraren gyaran kwamfuta na gida. A shekarun da bairos ke bin filas daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta fayil ɗin autorun.inf, masu gyara suna da wata dabara: su riga bairos ɗin, su gina folda mai wannan suna, su dasa con ko lpt a cikinta don kada ta gogu. Rigakafi ne mai wayo, kuma da wannan tsohon hani aka ƙulla shi. Windows 7 ta daina buɗe filas da kanta tun 2009, amma irin waɗannan foldoji suna nan a tsofaffin filas, mutane na ganinsu suna zaton su ne cutar. Amsar da ka fi ji a shago kuwa ita ce "sai an yi fomatin". Takardun makaranta da hotunan biki da lissafin kasuwa da yawa sun salwanta a kan abin da layi ɗaya zai warware.

Ni dai ban ga laifin riƙe tsohon alkawari ba. Mu da muke sayen kwamfuta ta hannu, muke lallaɓa manhajar lissafi ko ta asibiti da aka rubuta shekara 20 da suka wuce, mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan ɗabi'a ta ƙin karya abin da ke aiki. Har yau akwai rubutattun umarni marasa adadi a bankuna da masana'antu da ke tura shara zuwa NUL, kuma COM3 ko COM4 su ne sunayen da mai gyaran waya ke gani in ya jona ta da kebul. Inda na ga gazawa shi ne saƙon da ake nuna wa mutum. Tsarin da ya san sarai cewa suna ne matsalar, ya kamata ya faɗa a fili, maimakon ya ambaci MS-DOS ga ɗalibar da ba a haife ta ba lokacin da aka daina yayinsa. Windows 11 ta ɗan sassauta wasu daga cikin ƙa'idojin, amma takardun Microsoft suna nan suna gargaɗi a guji sunayen, kuma OneDrive ba ta karɓarsu.

Saboda haka, mai karatu, in wani fayil ya ƙi goguwa a kwamfutarka, fara duba sunansa kafin ka kai ta shago. In CON ne, ko PRN, AUX, NUL, ko COM da LPT masu lamba, ba bairos ba ne kuma ba sai an yi fomatin ba. Rubuta layin nan, ka karanta adireshin sau biyu, sannan ka danna.